Alhaji Abubakar Imam da Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun fi sanin Alhaji Abubakar Imam ta hanyar littattafansa na ƙagaggun labarai. Amma shekaru goma sha biyu da ya yi yana editan jarida, daga 1939 zuwa 1951, su ne suka fi tasiri a kan yadda ake rubuta Hausar boko. Wannan maƙala za ta bi tarihin aikinsa na jarida, ta kuma duba wata tambaya da aka daɗe ana yi, watau ko shi kakakin Gwamnatin Turawa ne, ko kuwa kakakin masu karatunsa.

2.0 Daga Koyarwa Zuwa Rubutu

An haifi Abubakar Imam a Kagara cikin 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1927 zuwa 1932, sa'an nan ya kama koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Cikin 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin R. M. East, ta shirya gasar ƙaga labarai. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East.

Cikin 1936 aka ɗauko Imam zuwa Zariya ya rubuta Magana Jari Ce. A nan ne gwanintarsa ta tace adabi ta fara bayyana. Ya karanta labaran Larabawa da na Indiya da na Turai, ya zaɓi waɗanda za su zauna a ƙasar Hausa, ya sauya musu suna da muhalli da ɗabi'a har mai karatu ba ya jin baƙuncinsu. Irin wannan zaɓe hukunci ne a kan abin da ya dace da kunnen Bahaushe, ko da yake Imam bai kira shi nazari ba.

3.0 Edita

Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a watan Janairu 1939, wata-wata, a kan kwabo ɗaya. Ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne kashe jita-jitar da ta bazu gab da Yaƙin Duniya na Biyu, cewa za a miƙa wa Jamus ƙasashen da Ingila ke mulka. Ke nan jaridar ta gwamnati ce tun daga tushe, kuma Imam ya san haka.

Abin da ya yi da ita ya wuce abin da aka kafa ta dominsa. Da fari, ya ba wasiƙun masu karatu fili, har malaman makaranta da ma'aikatan En'e suka sami inda za su kai kukansu a rubuce. Na biyu, ya shimfiɗa salon Hausa mai sauƙi, mai karin magana da raha, wanda ya yi kama da zancen baka. Wannan salo ya dace da yadda ake karatun jarida a lokacin. A ƙauyukan arewacin Kano, kamar na ƙasar Ɗambatta da Bichi da Dawakin Tofa, inda gonaki ke haɗe da juna kuma masu boko ba su da yawa, mutum ɗaya kan karanta a zaure sauran jama'a suna saurare. Jimlar da ba ta karantuwa da baki ba ta da amfani a irin wannan wuri. Na uku, jaridar ta yaɗa ƙa'idojin rubutu da sababbin kalmomi na mulki da yaƙi da kimiyya, waɗanda azuzuwan Yaƙi da Jahilci suka gada a shekarun 1950.

4.0 Tafiyar 1943 da Siyasa

Cikin 1943 Imam ya tafi Ingila tare da tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, cikinsu har da Nnamdi Azikiwe. Ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya shirya, abin da ya jawo masa suka daga jaridun Kudu. Amma a wannan tafiya ya gana da Lugard, ya bayyana masa illolin mulkin En'e da yadda ake danne samarin da suka yi ilmin zamani. Labarin tafiyar shi ne littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Matsayinsa na gyara a hankali bai gamsar da kowa ba. Da jaridar Comet ta koma Kano cikin 1949, samari masu zafin ra'ayi suka sami wata kafar. Ɗaya daga cikinsu shi ne Magaji Ɗambatta, ɗan jarida daga arewacin Kano, wanda yake cikin mutum takwas da suka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agusta 1950. Tun daga nan aikin jarida da Hausa ya rabu hanya biyu: masu nasiha daga cikin gida, da masu fito-na-fito da hukuma. Imam ya halarci taron tsarin mulki na Ibadan cikin 1950, ya bar kujerar edita cikin 1951, daga baya ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Ya rasu a Zariya cikin 1981.

5.0 Kammalawa

Wanda ya ce Imam bawan Turawa ne ya manta da abin da ya gaya wa Lugard. Wanda kuma ya ce ɗan gwagwarmaya ne ya manta da takardar da ya ƙi sa wa hannu. Abin da tarihi ya nuna shi ne edita ne da ya yi aiki cikin iyakar da aka gindaya masa, ya kuwa faɗaɗa ta gwargwadon iko. Har waɗanda suka saɓa masa a siyasa sun tarar da Hausar jarida wadda ya riga ya shimfiɗa. Aikin da ya rage wa ɗaliban ilmi shi ne tattara sharhohinsa na edita daga 1939 zuwa 1951, a nazarce su kamar yadda aka nazarci Magana Jari Ce.