Ɗan Jaridar Kimiyya: Maroƙi ko Mai Tuhuma?

A Amurka, da aikin maroƙi aka fara jaridar kimiyya. A shekarar 1921 attajirin jarida E. W. Scripps da masanin halittu William Ritter suka kafa Science Service don a riƙa kai wa jama'a labarin abin da masana suka gano, cikin harshe mai sauƙi. Horon wancan zamani bai wuce ɗan jarida ya fahimci masani, ya kuma tallata shi ba. Ina ganin tun daga nan aka yi tuya aka manta da albasa, domin ba a koya masa ya tuhumi wanda yake ba shi labari ba.

Shekarar 1945 ta nuna illar haka. William Laurence na jaridar New York Times, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar marubuta kimiyya ta ƙasar a 1934, ya san sirrin bam ɗin nukiliya fiye da kowane ɗan jarida, don kuwa sojoji sun ɗauke shi aiki suna biyansa. Shi ne ya rubuta rahoton da ya mara wa gwamnati baya wajen ƙaryata cewa gubar bam ɗin na ci gaba da kashe mutane a Hiroshima. Wilfred Burchett kuwa, ɗan jarida ɗan Ostareliya wanda ba masanin kimiyya ba ne, jirgin ƙasa ya hau ya je garin, ya shiga asibiti ya ga mutanen da ba su da ko ƙwarzane gashinsu na zubewa suna mutuwa, ya rubuta abin da ya gani. Abin da Laurence ya rasa, tuni yana nan a mujallar Time, inda 'yan matan da aka ɗauka aikin tantancewa tun shekarun 1920 ke bin rubutu kalma-kalma, suna ɗiga alama a kan duk wadda suka tabbatar. Ba a ko sa sunayensu a kan labarin.

Wani zai ce ai jahilci ya fi haɗari, wanda bai iya karanta alƙaluma ba kowa zai iya yi masa wayo. Gaskiya ne, kuma jaridun Ingila sun nuna hakan a 1998, lokacin da suka yayata iƙirarin likita Andrew Wakefield cewa allurar rigakafin ƙyanda na da alaƙa da cutar galahanga, alhali yara 12 kacal ya duba. Amma fa mujallar likitoci ta Lancet ce ta buga aikin, bayan masana sun duba shi. Wanda ya tona asirin, Brian Deer, ɗan jarida ne da ya bi sawun kuɗi ya gano lauyoyi na biyan Wakefield, ya kuma gwada takardun asibitin yaran da abin da aka buga. Sai a 2010 Lancet ta janye rahoton.