Kuku, Gwangwani da Akushi: Cimar Turawan Ingila a Ƙasar Hausa

Shekara shida Birnin Ƙonni ta yi tana cikin rabon Ingila, amma a kan takarda kawai. A yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a watan Yuni na 1898, an ɗauki Sakkwato a matsayin cibiya, aka kewaye ta da da'ira mai nisan mil 100, aka ce duk abin da ya faɗa ciki na Ingila ne. Tsakanin Ƙonni da Sakkwato bai cika kilomita 100 ba, don haka ta faɗa ciki, ita da ƙasar da Malbaza da Galmi suke, har zuwa wajejen Illela ta Adar. Takardar ba ta tsare kowa ba. A watan Mayu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta auka wa Ƙonni, ta yi kisan da har yau ba a manta ba, ta kwashe abin da ke cikin rumbuna. Daga baya Faransawa suka koka cewa hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi, sai aka sake zama a 1904 da 1906, aka janye iyakar zuwa kudu. Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908.

Wannan layi ya raba har irin burodin da ake karya kumallo da shi. A Ƙonni dogon burodin Faransawa ne mai ɓawo, a Illela ta Najeriya kuwa, 'yan kilomita kaɗan kudu, mai kusurwa huɗu ne mai laushi da ɗan zaƙi, wanda asalinsa na Ingila ne. Mutumin Ƙonni ya san duka biyun, domin kasuwa ba ta taɓa bin dokar iyaka ba. To, su waɗannan Turawan Ingila da suka bar mana burodinsu, me suke ci lokacin da suke zaune a cikinmu?

Na farkon da suka iso ba su da zaɓi. Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwa ɗan ƙasar Sikotland, ya shiga Sakkwato a watan Maris na 1824 da sunan Abdullahi, aka danƙa shi a hannun Waziri Giɗaɗo. Abincinsa daga gidan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ake aiko masa, kuma shi da kansa ya rubuta cewa a cikin farantan ƙarfe masu tambarin Landan ake kawowa, wata rana ma an zubo masa nama a cikin farar tasar wanke hannu ƙirar Ingila. Kayan ƙasarsa sun riga shi isowa ta hanyar fataken Sahara, amma abin da ke cikinsu girkin Sakkwato ne, kuma ya ci. Da ya dawo karo na biyu, ciwo ya kama shi, ya rasu a watan Afrilu na 1827. Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi tafiyarsa da sunan gwamnatin Ingila, wanda aka sani da Abdulkarim, shi ma da fura da nono da tuwo ya rayu lokacin da ya ratsa Kano da Katsina da Wurno da Sakkwato a tsakanin 1851 da 1854. Waɗannan baƙi ne masu neman alfarma, masaukinsu ne yake yanke musu abin da za su sa a baki.

Da Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris na wannan shekara, al'amari ya juya. Baturen da ya zo bayan haka ya zo ne a matsayin mai mulki, kuma da guzurinsa. Kafin ya hau jirgin ruwa a Liverpool sai ya biya ta kantunan Landan da suka ƙware wajen haɗa wa ma'aikatan mulkin mallaka kaya, a shirya masa akwatunan katako cike da gwangwanaye: nama, kifi, madara, man shanu, garin alkama, sukari, ganyen shayi, biskit, da kwalaben giya. Ana tsara kowane akwati daidai nauyin da mutum ɗaya zai iya ɗauka a ka, domin kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a kan mutane da dabbobi kayan suke hawa daga bakin Kwara. Ko bayan layin dogo ya kai Ƙauran Namoda a 1929, daga Gusau zuwa Sakkwato sai mota ko ayari. Mutum ya ratsa ƙasa mai cike da shanu, yana buɗe gwangwanin naman saniyar da aka yanka a Kudancin Amurka.

Akwai tsoro a cikin lamarin, kuma ba duka ne na banza ba. Zazzaɓi da atuni sun kashe da yawa daga cikinsu a shekarun farko, don haka likitoci suka shimfiɗa ƙa'ida: a sha kwini kullum, a tafasa ruwa a tace, a wanke ɗanyen ganye da ruwan magani. Sylvia Leith-Ross ta iso Zungeru a 1907 tana amarya, shekara na zagayowa zazzaɓi ya ɗauke mijinta. Ita ce tare da ƙawarta Geneviève Ruxton suka rubuta wani ɗan littafin girki domin Turawan da ke aiki a Afirka ta Yamma, wanda ya koya musu yadda za su sarrafa abin da kasuwar ƙasar ke da shi. Constance Larymore, matar wani razdan, ta fitar da nata littafin a 1908, cike da shawarwari kan tafiyar da gida da kaji da lambu da 'yan aiki. Dukansu sun yarda a yi amfani da kayan ƙasa, amma a juya su har sai sun yi kama da abin da aka baro a gida.

Wanda wannan nauyi ya hau kansa shi ne kuku. Kusan kowane Bature, ko da ƙaramin di'o ne da bai yi aure ba, yana da kuku da boyi da ƙaramin yaro, galibi har da mai doki da mai lambu. Kuku ne ke zuwa kasuwa, shi ne ke lissafin kwabo da sisi da yamma, kuma shi ne ake tsammanin zai fitar da abinci kashi uku ko huɗu daga murhu mai duwatsu uku: romo da farko, sannan kifi ko ƙwai, sannan nama, sannan abin zaƙi. A wajen rangadi, inda babu tanda, garwar kananzir ce ake mayarwa tandar gasa burodi, a rufe ta da garwashi. Kuku yakan tashi da tsakar dare ya wuce gaba da 'yan dako, domin in maigida ya sauka daga doki a barikin gaba ya tarar an shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, an jera wuƙa da cokula. Da yawa daga cikin waɗannan mutane Musulmi ne, suna dafa abin da su ba za su ɗanɗana ba, har a cikin azumi. Gwaninta ce babba, kuma ba a makaranta aka koye ta ba. Yaro ne yake fara wanke tukunya a gidan wani Bature, yana kallo, har ya kai ga karɓar takardar shaida da zai nuna wa Baturen gaba.

Kazar da ke cikin tukunyar ma tana da tarihinta. In Bature ya sauka a ƙauye, dagaci ne ke tara kaji da ƙwai da nono da itace da ruwa da dawar doki. Doka ta ce a biya, wasu kuma suna biya, amma kuɗin yakan maƙale tsakanin masinja da dogari, bai kai hannun tsohuwar da aka kama wa kaza ba. A ɓangaren Faransa, inda kwamanda da 'yan gardinsa suke da ikon hukunta mutum ba tare da shari'a ba har zuwa 1946, abin ya fi tsanani, kuma yana cikin dalilan da suka sa iyalai daga Adar da Ƙonni suka riƙa tsallakawa kudu lokacin aikin tilas. Duk wanda zai ba da labarin teburin Bature da gaskiya, dole ya haɗa da wannan.

Abinci ɗaya ne na ƙasar da ya samu shiga teburinsu da girma, shi ne miyar gyaɗa da kaza. Ita ma sai da aka sake mata fasali: a zuba ta kan shinkafa, a sa dafaffen ƙwai, a kewaye ta da ƙananan farantai na ayaba da lemo da albasa da kwakwa da soyayyiyar gyaɗa da barkono, irin yadda 'yan'uwansu da ke Indiya suke cin kori. Ranar Lahadi da rana ake yin ta, bayan an sha giya, sannan kowa ya tafi barci. Tuwon dawa da miyar kuka, ko dambu, ko fura, ba su samu wannan daraja ba.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan mutane ba jahilan ƙasar ba ne. Dole ne jami'i ya ci jarrabawar Hausa kafin a tabbatar da shi a aiki, kuma akwai waɗanda suka iya harshen har da karin magana. G. P. Bargery ya fitar da ƙamusinsa a 1934, wanda har yau masana ke komawa gare shi, sunayen tuwo da miya da hatsi kuwa ba a rasa su a ciki ba. Sun hau dawaki, sun yi wasan folo da Sarkin Katsina Dikko da 'ya'yansa, an laƙaba musu sunaye, kamar Bryan Sharwood-Smith da ya yi razdan a Sakkwato kafin ya zama gwamnan Arewa, wanda aka sani da Mai Wandon Ƙarfe. Amma harshe kayan aiki ne, da shi ake ƙidayar haraji da sauraron ƙara. Sa hannu cikin akushi ɗaya kuwa, a wajen Bahaushe, shi ne shaidar an zama ɗaya, kuma wannan ne tsarin mulkin bai yarda da shi ba. Ƙa'idar Gwamna Lugard ta ce a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da gidajen 'yan ƙasa, wai don sauro, kuma dokar garuruwa ta 1917 ta ƙarfafa wannan rabuwa. Kulob ɗinsu ma sai a ƙarshen zamanin mulkin ya buɗe ƙofa ga baƙar fata. Mutum yana iya shekara 30 a Arewa, ya san asalin kowace masarauta, bai taɓa zama kan tabarma ya ci tuwon gidan wani ba.

Akwai 'yan kaɗan da suka matso kusa. Hanns Vischer, haifaffen Suwizalan da ya zama ɗan Ingila, ya zauna a gidan ƙasa a Nasarawa ta Kano, ya buɗe makaranta a 1909, mutane suka sa masa Ɗan Hausa, gidan kuma yana nan ana ziyartarsa. Dokta Walter Miller ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905 har mishan ɗinsa ya koma Wusasa. 'Yan mishan gaba ɗaya sun fi jami'an gwamnati kusanci da tukunyar talaka, wani lokaci don ra'ayi, wani lokaci don ƙarancin kuɗi. Ta wannan hanya ce masu jin Ingilishi suka dawo ƙasar Ƙonni bayan iyaka ta fitar da su. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ɗaya daga cikin masu kafa ta a 1893, Rowland Bingham, haifaffen Ingila ne, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Tun daga lokacin likitoci da ma'aikatan jinya daga ƙasashe dabam-dabam suke zuwa, suna koyon Hausa domin jin abin da ke damun marar lafiya, a garin da albasarsa ta yi suna har Abijan da Ankara ta Gana.

Kallo kuma ba ta gefe ɗaya kawai aka yi shi ba. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da Barth ya tafi da shi Turai a 1855, ya zauna a Ingila, ya ba Fasto Schön labarin abin da ya gani da Hausa, har da yadda Turawa suke zama cin abinci da irin tsarin da suke bi a tebur. An buga labarin a littafin Magana Hausa a 1885. Wato tun kafin Bature ya kafa bariki a Sakkwato, Bahaushe ya riga ya zauna a ƙasarsa, ya ci abincinsa, ya kuma bayyana shi. Dorugu ya ƙare rayuwarsa a Kano, inda ya koyar a makarantar Ɗan Hausa, ya rasu a 1912.

Da Turawan suka tafi a 1960, girkinsu ya zauna. Lambunan da aka fara don bariki su suka yaɗa kabeji da karas da latas, dankalin Turawa ya samu gida a tsaunukan Jos, kantunan John Holt da UAC da CFAO suka saba wa mutane da sukari da madarar gwangwani. Mai shayin da ke bakin tashar Ƙonni da asuba, da teburinsa da tukunyar ruwan zafi da ƙwai da burodi kala biyu, yana haɗa shayi da madara irin na Ingila ga wannan, kofi irin na Faransa ga wancan. Ƙasar Hausa ta karɓi abincin baƙin, ta mai da shi nata, fiye da yadda su suka karɓi nata.

Tsofaffin kukun da suka yi wannan aiki, a littattafan iyayen gidansu da sunan farko kawai suke fitowa, in ma an ambace su. Kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma 'ya'yansu da jikokinsu suna nan a Sakkwato da Kano da Maraɗi da Ƙonni, wasu har da tsofaffin takardun shaida a ƙasan adaka. Ya kamata ɗaliban tarihi na jami'ar Tawa da ta Usmanu Ɗanfodiyo su bi gidajen nan da na'urar ɗaukar magana tun da sauran masu ba da labari.