Shimiyo: yadda ake kula da marar lafiya a gida

Shimiyo magani ne mai ƙarfi da ake yi wa masu ciwon daji, wato kansa, galibi ta hanyar ƙarin ruwa. A Nijar, marasa lafiya da yawa suna zuwa Yamai, cibiyar ƙasa ta yaƙi da kansa, sa'annan su komo gida kafin zagaye na gaba. A wannan tsakanin, dangi ne masu jinya.

Maganin yana kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa, shi ya sa yake taɓa gashi, baki, hanji da ɓargo.

Tashin zuciya da amai: a sha maganin hana amai a kan lokacin da likita ya ce, kada a jira sai aman ya zo. A ci abinci kaɗan-kaɗan, kamar kunu ko koko, a rage maiƙo da yaji.

Zawo: a yawaita shan ruwa mai tsabta da ruwan gishiri da sukari na SRO.

Miki a baki: a riƙa kuskure baki da tafasasshen ruwan da ya huce, da ɗan gishiri a ciki.

Zubewar gashi: yawanci yana sake tsirowa bayan an gama magani.

Babban haɗari shi ne masassara. Wajen kwana 7 zuwa 14 bayan shimiyo, fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, suna raguwa ƙwarai, har ƙaramar cuta tana iya kisa. In zafin jiki ya kai 38, ko ana rawar ɗari, kar a ce sauro ne a sayi magani a tebur. Parasetamol ma ɓoye zafin yake yi. A tafi asibiti nan take, ko cikin dare ne, a gaya musu ranar da aka yi shimiyo. Haka ma in an ga jini, ko amai ya hana shan ruwa.

A waɗannan kwanaki a guji ɗanyen nono da salak, a wanke hannu da sabulu, masu mura su dakata da zuwa dubiya. Kada a haɗa da sassaƙe ba da sanin likita ba.

Ƴan uwa da ke waje, ku taimaka da ma'aunin zafin jiki da kuɗin mota, don kada wahala ta sa a yanke magani a tsakiya.