PEP 8

PEP 8 takarda ce da ta shimfiɗa ƙa'idojin salon rubuta lambar Python, harshen shirya manhajar kwamfuta da kowa ke da damar dubawa da gyarawa kyauta. Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro Python, da Barry Warsaw ne suka fara rubuta ta a shekarar 2001. Tun asali don ɗakin ajiyar lambobin Python kansa aka yi ta, amma yau ayyuka da dama sun rungume ta.

Takardar ta ce a bar gurbi huɗu a kowane matakin shigar da layi, kada layi ya wuce harafi 79, bayanin da ke cikin lamba kuma ya tsaya a 72. Sunayen ayyukan cikin lamba (functions) ana rubuta su da ƙananan baƙaƙe, a raba kalmomi da layin ƙasa. Dalili kuwa a fili yake: ana karanta lamba fiye da yadda ake rubuta ta, kuma hannu da yawa ke taɓa ta.

Akwai ɓangaren da ya shafi Bahaushe kai tsaye. Tun fitowar Python 3 a 2008, harshen yana karɓar suna mai ɗauke da ƙ, ɗ ko ɓ. Amma PEP 8 ta nemi sunayen ɗakin ajiyar Python su tsaya kan baƙaƙen boko marasa lanƙwasa, bayani kuma da Ingilishi. Wannan nauyi ne ga Bahaushe mai koyo a wuri irin Njamena, inda Faransanci da Larabci ne harsunan hukuma.

Manhajar pycodestyle tana duba ko an bi ƙa'idojin.