Lamba 11: Garin Sabo Ne, Hanyar Ce Tsohuwa

Duk wanda ya taɓa kwana a In Gezzam ko Asamaka ya ga kamiyo masu lambar da ta ƙare da 11. Wannan ita ce shaidar wilayar Tamanrasset a Aljeriya, tun kafa ta a 1974. Lambar dai mun san ta, kasuwar ma haka. To, mu nawa ne muka san yadda garin ya samu?

Tamanrasset ba tsohon gari ba ne. A 1905, lokacin da wani malamin Kirista Bafaranshe, Charles de Foucauld, ya sauka nan, bukkoki wajen ashirin ya tarar. Hanyar ce tsohuwa. Abzinawan Ahaggar sukan sari gishiri a Amadror, su ɗora wa raƙuma, ayari ya nausa kudu har Damargu. A can ake ba ni gishiri in ba ka manda: a sauke gishiri, a ɗauki hatsi. Ƙasar duwatsu ba ta noma abin da zai ishe ta, don haka gumin manomin Damargu ya daɗe yana cika akushin mutumin Ahaggar. Kasuwar Asihar, inda 'yan Nijar da Mali ke haɗuwa da 'yan Aljeriya a yi musayar dabbobi da dabino, jikar wancan ayari ce.

Akwai ma abin da ya girmi labarin ayarin. A Abalesa, kilomita wajen 80 yamma da gari, akwai kabarin Tin Hinan, wadda Kel Ahaggar ke ɗauka a matsayin kakarsu. Turawa sun tona shi a 1925, suka tarar da ƙasusuwan mace da awarwaro na zinariya da azurfa. Masana sun ce kabarin ya kai shekara 1,500. Ƙasusuwan suna gidan tarihi na Bardo a birnin Aljas.

Faransa kuwa da bakin bindiga ta shigo. Ranar 7 ga Mayu, 1902, aka gwabza a Tit, arewa da gari, sojan Faransa suka rinjayi mayaƙan Ahaggar. A 1904 Musa ag Amastan ya je In Salah ya yi sulhu. Daga baya suka laƙaba wa garin suna Fort Laperrine. Sunan ya bi su gida, amma ganuwar laka da Foucauld ya gina, inda aka kashe shi ranar 1 ga Disamba, 1916, tana nan tsaye cikin gari.

Sai dai ba duk abin da suka bari ba ne na kallo. Makiyaya, ku kasa kunne nan. A In Ekker, kilomita wajen 150 arewa da Tamanrasset, Faransa ta yi gwajin bam ɗin nukiliya sau 13 cikin dutsen Tan Afella, daga 1961 zuwa 1966. Ranar 1 ga Mayu, 1962, wani gwaji ya ƙwace, hayaƙi mai guba ya ɓulɓulo waje. Irin wannan guba ba ta da wari, ba ta da launi, kuma ba ta gushewa da wuri. In hanya ta bi da ku can, kada ku kora bisashe cikin shinge, kada ku tsinci ƙarfe ko wayar tagulla don sayarwa. Ribar ba ta kai lafiyarku ba.

Saboda haka, in ka sake ganin lamba 11 a bakin iyaka, ka tuna kakanninmu da nasu sun ci abinci a hanyar nan tun ba a ja layi a kan taswira ba. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa. Mu kwana nan.