Gidan Hardaga a Sarayebo: Alherin 1941 da Aka Rama a 1994

A watan Afrilun 1941 jiragen yaƙin Jamus suka yi wa birnin Sarayebo ruwan bama-bamai. Cikin gidajen da suka rushe har da na wani Bayahude, Josef Kavilio, mai ƙaramar masana'antar bututun ƙarfe. Ya tattara matarsa Rifka da 'ya'yansu biyu suka nufi masana'antar da niyyar kwana a can, tunda ba su da inda za su sa haƙarƙarinsu. A hanya suka yi kiciɓis da mai ginin, Mustafa Hardaga, Musulmi, wanda suka daɗe suna mutunci da shi. Mustafa ya ce sam ba za a yi haka ba, su biyo shi gida.

Gidan nan irin wanda a ƙasar Hausa ake rubuta wa "ba shiga" ne a bakin zaure. 'Yan'uwa biyu ne a ciki, Mustafa da Izet, da matansu Zainaba da Bahriya. Matan ba sa bayyana gaban baƙo sai da lulluɓi, kuma namijin da ba muharrami ba bai taɓa kwana a gidan ba. Amma da iyalin Kavilio suka shigo, sai aka ce musu yanzu sun zama 'yan gida, har matan suka daina rufe fuska a gaban Josef. Shi da kansa ya ba da wannan shaida bayan shekaru masu yawa.

Yahudawan Sarayebo ba baƙi ba ne a garin. Kakannin akasarinsu na cikin waɗanda aka kora daga Sifaniya a 1492, Daular Usmaniyya ta ba su mafaka, kuma tun 1581 suke da wurin ibadarsu a birnin. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu sun kai kusan 10,000. Da Jamus ta ci Yugoslabiya sai ta damƙa Bosniya ga gwamnatin Ustasha ta Ante Pavelic, wadda ta tilasta wa Yahudawa ɗaura alama ruwan ɗorawa, ta ƙwace dukiyarsu, ta riƙa lodinsu zuwa sansanoni irin su Jasenovac. Mafi yawansu ba su dawo ba.

Kada mai karatu ya ɗauka duk Musulmin Bosniya irin Mustafa ne. Wasu sun shiga Ustasha, kuma a 1943 Jamusawa sun kafa rundunar SS mai suna Handzar wadda akasarin sojojinta Musulmin Bosniya ne. A ɗaya ɓangaren, a watan Oktoban 1941 malamai da manyan Musulmin Sarayebo su 108 sun sa hannu a takardar la'antar zaluncin da ake yi wa maƙwabtansu, musamman Sabiyawa. Kowa da hanyar da ya zaɓa, kuma ta Hardaga ita ce mafi haɗari, domin gidansu na daura da hedikwatar 'yan sandan ciki na Gestapo, ga kuma sanarwa a bangaye cewa duk wanda ya ɓoye Bayahude ko Basabiye hukuncinsa kisa ne.

Josef ya samu ya fitar da matarsa da yara zuwa Mostar, inda sojojin Italiya ke iko kuma ake da ɗan sassauci. Shi ya tsaya don ya rufe harkokinsa, sai Ustasha suka kama shi. Dusar ƙanƙara ta toshe hanyar Jasenovac a wannan hunturu, don haka aka riƙa fito da fursunoni da mari a ƙafa suna share tituna. A nan Zainaba ta gan shi. Ta tsaya a bakin titi da lulluɓinta tana hawaye, daga nan kuma ta fara kawo abinci, ba shi kaɗai ba, har da abokan ɗaurinsa. Da ya tsere, gidan Hardaga ya sake komawa, suka yi jinyarsa har ya murmure ya bi iyalinsa. Bayan Italiya ta miƙa wuya a Satumban 1943, iyalin suka shiga duwatsu suka haɗe da mayaƙan sa-kai masu yaƙar Jamus.

Da yaƙi ya ƙare suka dawo Sarayebo, suka sake sauka a gidan. Aka ɗauko musu kayan adon da suka bari ajiya, aka damƙa musu. A lokacin ne suka ji cewa mahaifin Zainaba, Ahmad Sadik, ya ɓoye wani iyalin Yahudawa mai suna Papo, aka kai ƙararsa, aka tura shi Jasenovac inda aka kashe shi.

Iyalin Kavilio sun ƙaura zuwa Isra'ila a 1948, kuma a nan ne irin waɗannan labarai suka saba mutuwa: tsofaffi su rasu, jikoki su tashi ba su san komai ba. Wannan bai mutu ba saboda an riƙa faɗa wa yara, an kuma adana wani hoto na 1941 da ke nuna Zainaba tana tafiya a titi kafaɗa da kafaɗa da Rifka, gefen lulluɓinta ya rufe alamar da ke jikin ƙawarta. Da shaidar iyalin ne cibiyar tunawa da kisan kiyashin Yahudawa ta Yad Vashem da ke Kudus ta karrama gidan Hardaga da Ahmad Sadik a 1984, lokacin Mustafa ya riga ya rasu. Shekara guda bayan haka Zainaba ta je ta dasa itace da sunan iyalinta.

Sai ga 1992. Dakarun Sabiyawan Bosniya suka yi wa Sarayebo ƙawanya ta kusan shekara huɗu, mutum fiye da 10,000 suka hallaka. Wannan karon Musulmi ne a sahun gaba na waɗanda ake farauta. Ƙungiyar agajin Yahudawan birnin, La Benevolencija, ta buɗe kantin magani da wurin rabon abinci kyauta ga kowa, ba a tambayar addini. Tova, 'yar Josef, wadda ta kwana a gidan Hardaga tana ƙaramar yarinya, ta tashi tsaye ita da Yad Vashem, har aka sa Zainaba da 'yarta da surukinta da jikarta cikin ayarin motocin da ya fice daga birnin a Fabrairun 1994. Iyalin Kavilio na cikin masu tarbarsu a Isra'ila, Firaministan ƙasar Yitzhak Rabin ma ya gana da Zainaba. Ta rasu a cikin shekarar.

Mai karatu da zuciyarsa ke tafasa saboda halin da Falasɗinawa ke ciki zai iya jin labarin ya yi masa nauyi. Fushi da manufofin wata gwamnati abu ne daban, kuma Yahudawa da dama suna cikin masu sukar waɗannan manufofi. Ƙin mutum don kawai an haife shi Bayahude shi ne abin da Ahmad Sadik ya ba da ransa yana ƙi, kuma ba wanda zai ce ya fi shi kishin Musulunci don ya zagi waɗanda shi ya kare.

A Sarayebo dai, a zamanin mamayar Jamus, an yi Darwish Korkut, malami mai kula da ɗakin karatu na gidan tarihin ƙasa, wanda ya ɓoye wa Jamusawa tsohon littafin ibadar Yahudawa da ake kira Haggadah na Sarayebo, wanda aka rubuta a Sifaniya wajen 1350. Shi da matarsa Servet sun kuma ɓoye wata budurwa Bayahudiya, Mira Papo, a matsayin 'yar aikin gida Musulma. Korkut ya sha ɗauri a hannun gwamnatin Tito da ta mulki Yugoslabiya bayan yaƙin, ya rasu a 1969, sai a 1994 Mira ta rubuta shaidar da ta sa Yad Vashem ta karrama shi da matarsa. A 1999 aka kori 'yarsa Lamija daga Kosobo tare da dubban Musulmi. Cikin 'yan takardun da ta tsira da su akwai kwafin takardar karramawar iyayenta, ta nuna wa shugabannin Yahudawan Makedoniya, aka ɗauke ta da mijinta zuwa Isra'ila. Wanda ya tarbe su a filin jirgi shi ne Davor, ɗan Mira Papo.