Malam da Yaro a Tarihin Zangon Kumasi

Karatun yara a Kumasi ya girmi Zangon kansa. A shekarar 1817, lokacin da Bature Bowdich ya zo fadar Sarkin Asante Osei Bonsu, ya tarar da shugaban Musulmin garin, Muhammad al-Gamba, wanda ake kira Baba, yana da makaranta mai ɗalibai wajen 70. Daga baya, da yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fataken goro da malamansu, Turawan Ingila kuma suka mamaye Kumasi a 1896, sai kakanninmu suka yi ta kwararowa daga Gwanja da ƙasar Hausa. Duk inda suka sauke kaya, allo na cikin abin da suka fara kwancewa.

Makarantar wancan zamani ba ta da ginin kirki, zaure ne ko inuwar masallaci. Ƙarfinta amana ce. Uba ne ke kama hannun ɗansa ya danƙa wa malam, malam kuwa ya san gidan, ya san mahaifiyar, ya san ranar da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Shi ke rubuta wa yaro allonsa, ya kama yatsansa ya bi da shi harafi harafi, daga babbaƙu zuwa farfaru. Ba a wanke allo sai yaro ya biya karatunsa a gaban malam, saboda haka kowane yaro na da lokacinsa shi kaɗai da malaminsa, komai yawan almajirai. An yi bulala, wani lokaci har ta wuce kima, kuma ta kori yara da dama daga karatu. Amma malaman da ake sa wa albarka har yau su ne waɗanda yaro kan ruga wurinsu idan ya tsorata.

Zamani ya juya. A 1987 gwamnatin Gana ta kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi, makarantunmu da yawa suka haɗa Larabci da boko. Gyaran ilimi na 2007 kuma ya shigar da shekara biyu na ajin share fage cikin karatun dole, tun daga shekara 4. Mun sami benci da littafi da takardar shaida, alheri ne babba.

Sai dai mu dubi Race Course, tsohon filin sukuwa da ya zama kasuwa. Uwa na fita da sassafe, ba ta komawa gida sai magariba, yaronta kuwa ya wuni a aji mai cunkoso, ana yi masa magana da Asantanci da Turanci, shi kuma da Hausa yake kuka. Idan malama ba ta san sunansa ba, shirunsa sai ya zama daƙiƙanci a idonta. Yaro ƙarami yakan yarda da mutum kafin ya yarda da harafi, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don haka mu koma ga al'adar iyayenmu. Mu kai yaro da hannunmu, mu gaisa da malaminsa, mu gaya masa halinsa da abin da ke tsorata shi, mu riƙa leƙawa ko ba a kira mu ba. Masu makarantu kuma su rage cunkoson ƙananan azuzuwa, su biya malamai hakkinsu kan kari, domin malamin da ke sauya wurin aiki kowane zangon karatu ba zai san yaro ba.

Allah ya jiƙan malamanmu, ya raya mana zuriya.